Tagar da Na Buga wa Ƙusa

Ni kafinta ne, ɗan kafinta, kuma a garinmu Dumyat wannan ba abin alfahari ba ne, domin idan ka jefa dutse a unguwarmu, ko dai ya faɗa kan kafinta ko kan surukinsa. Shekara talatin da ɗaya ina sassaƙa kujerun falo masu ruwan zinare. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san katako, na san ƙusa, na san abin da rana ke yi wa yadi. Abin da har yau ban iya ba shi ne riƙe bakina.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu, ni da matata Afaf. Sunanta Basant. Da ta gama karatu sai ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi kyamara ta hannu, ta shiga ɗaukar mutane hoto a gida, babu fitila, babu komai, sai hasken da Allah ya aiko ta taga. Ta ɗauki mahaifiyarta tana tsintar shinkafa, ta ɗauki mai sayar da madara, ta ɗauke ni ina barci baki buɗe. Kowa ya gani sai ya yaba, amma yabo ba ya cika tukunya.

Sai wani babban shagon hoton biki a Alƙahira ya aiko mata da takarda cewa ta zo ta kama aiki, kuma suna son amsa ranar Lahadi. Ta manna takardar a jikin firij. Tun daga ranar na zama mai yawan ƙishirwa. In je in tsaya gaban firij da kofi a hannu, in karanta takardar daga sama har ƙasa, ko Allah zai sa rubutun ya canza.

Alƙahira! Yarinyar da sanyi kaɗan ke sa ta tari. Yarinyar da ke tsallaka titi tana kallon sama, wai tana duba gajimare. Wa zai ce mata ga mota nan? Wa zai san ko ta ci abinci?

"Baba, ba gudunku nake yi ba," in ji ta. "A garin nan wa zai ba ni aiki? Kowa so yake a zaunar da shi gaban labulen da aka zana wa ƙorama, a goge masa fuska har ta koma kamar bayan faranti."

Ana cikin haka sai ga wata ƙofa ta buɗe. Abla Faukiyya (Abla muke ce wa malama), shugabar makarantar 'yan mata ta unguwarmu, za ta ajiye aiki bayan shekara ashirin da shida, malamai kuma suna so su rataye hotonta a ofis. Shago uku aka kai ta, duk ta yi watsi da hotunan. Na farko ta ce sun mai da ita gawa, na biyu ta ce sun mai da ita amarya, na uku ko magana ba ta yi ba, ta dai miƙa wa mai shagon hotonsa kamar tana mayar wa yaro littafin da bai yi aikin gida ba. Wata malama ce ta ambaci Basant, Abla ta ce za ta zo ranar Asabar.

Basant ta zaunar da ni ta ce, "Baba, duk wata uwa da ke unguwar nan ta bi ta ƙarƙashin rular Abla. Idan ta karɓi hotona, gobe ƙofar nan ba za ta rufu ba, ni kuma in zauna. Idan ta ƙi, Lahadi zan buga waya in ce ina zuwa."

Ka ga ke nan duk rayuwata ta koma rataye a fuskar Abla Faukiyya, fuskar da ba wanda ya taɓa ganin ta yi murmushi tun zamanin da ake sayen burodi da ƙwandala.

"To, a ina za a ɗauka?" na tambaya, ko da yake a raina na riga na san amsa. Ina kuwa, in ba a falona ba?

"A kicin."

"A ina?"

"A kicin, Baba. Sati biyu ina auna hasken gidan nan. Daga ƙarfe biyu da rabi zuwa uku da kwata rana na dukan farin bangon maƙwabta, ta dawo ta tagar kicin da laushi. Minti arba'in da biyar ne kacal. Zan zaunar da ita a kan 'yar kujerar da Mama ke yanka albasa."

Na ji kamar an mare ni. Shugabar makaranta guda, tsakanin tukunyar gas da kwandon albasa! Ga falo kuwa da na ƙera da hannuna shekarar da na yi aure: doguwar kujera ɗaya, gajeru shida, kowace da furanni da 'ya'yan inabi a sassaƙe, ruwan zinare har ƙafafu. Ga fitilar sama mai ƙwai goma sha biyu. Ga kabad ɗin gilashi na kayan auren Afaf, da kofuna da butoci guda saba'in da biyu waɗanda leɓen ɗan Adam bai taɓa taɓawa ba. Shekara ashirin da biyar kujerun nan suna lulluɓe da farin yadi, ba a yaye su sai Salla ko zuwan babban baƙo. In ba don rana irin wannan ba, don me na yi su?

"Fitilarka mai da mutum take yi ruwan ɗorawa, kamar mai ciwon shawara," in ji Basant. "Baba, abu ɗaya nake roƙonka. Ka gaishe ta, ka samu wuri ka zauna. Shi ke nan aikinka."

Afaf ta ce, "Agwagwa kuma sai ƙarfe huɗu da rabi, bayan an gama hoto. Ka ji ko, Baban Basant? Bayan."

Na ce na ji. Na kuwa ji, Allah shaida ne.

Ranar Asabar na sa rigar Salla. Na ce bari dai in yaye yadin kujeru, ko da za ta leƙa. Na ce bari dai in kunna fitilar, don kada falon ya yi duhu. Ƙarfe biyu da rabi daidai, ko daƙiƙa ba ta wuce ba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Basant na kicin tana gyara labule, ni ne kusa, ni na buɗe.

'Yar ƙaramar mace ce Abla, da baƙar jaka a hammata, amma idan ta dube ka sai ka ji kana neman ɓoye faratanka. Na gaishe ta. Daga nan ya kamata in samu wuri in zauna. Sai dai hannuna da kansa ya miƙe ya nuna falo, kamar yadda hannun ubana da na kakana suka saba.

"Bismilla, Abla, ki ɗan huta. Matakalar nan tamu tana da tsawo."

Ta shiga ta zauna a bakin doguwar kujera. Basant ta fito da sauri, ta gaishe ta, ta ce komai ya kammala, a zo kawai.

"Ko ruwa ba ta sha ba!" na ce. "Abla, ai abinci za ki fara ci."

"Na ci a gida, Usta Ragab. Na gode." Usta ake ce wa mai sana'a irina.

"Cin gida daban, namu daban."

"Hoto na zo a ɗauke ni in tafi. Jikata na jirana."

"Agwagwa ce fa, da albasa a ciki, hannun Afaf."

"Allah ya ƙara albarka. Wata rana."

Basant na tsaye a bayanta tana yi min alama da ido, tana nuna agogo. Na gani. Amma ƙamshin agwagwa ya cika gida, baƙuwa kuma ta miƙe za ta fita daga falona ba ta sa komai a baki ba, kuma a raina na ce matar da ta ƙoshi a gidanka ai da wuya ta ƙi hoton 'yarka. Kafin in ankara sai na ji murya ta cika falon, ashe tawa ce:

"Na rantse da aurena, Abla, idan ƙafarki ta fita daga falon nan ba ki ci agwagwarmu ba, Afaf ta saku!"

A kasuwar katako sau goma muke yin irin wannan rantsuwa kafin azahar, a kan shayi, a kan wa zai fara shiga ƙofa. Ba wanda ke damuwa, domin shayin na hannu, mutum ya kurɓa a wuce wurin. Amma ban taɓa yin ta a gidana ba, kuma ban taɓa yin ta a gaban wadda ke ɗaukar magana da nauyinta ba.

Afaf ta bayyana a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Me na ji?"

"Ba komai, Maman Basant. Kawo agwagwar kawai."

"Wace agwagwar? Wadda ko tafasa ɗaya ba ta gama ba? Tsohon toron da yayanka ya aiko daga ƙauye, wanda ya girmi Basant? Ai sai nan da awa biyu, in ya ga dama."

Abla Faukiyya ta koma ta zauna. Ta ɗora jakarta a kan gwiwa, ta haɗa hannuwa a kai.

"Shekara ashirin da shida ina koya wa yara cewa magana ba iska ba ce," in ji ta. "Ba ni zan kashe auren mutane a kan agwagwa ba. Zan jira."

"Abla, don girman Allah ki fita," in ji Afaf. "Ko taki ɗaya ne. Shekara ashirin da biyar ban huta ba. In tafi gidan ƙanwata a Ras al-Barr in sha iskar teku, in ga wanda zai nemo masa safarsa."

Na ce ai na taɓa jin limaminmu yana cewa irin wannan rantsuwa ta fatar baki ce, ba ta kai ko'ina.

"Limamin ne ya rantse ko kai?" in ji Abla.

Na ce to a yanko mata ɗan fiffike ko yaya yake, ta ɗanɗana. Afaf ta je ta dawo da shi a ƙaramin faranti, ta ajiye da ƙarfi. Na sa wuƙa, wuƙa ta dawo. Na danna, fiffiken ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur.

"Haƙoran nan nawa sababbi ne, Usta," in ji Abla. "Watan jiya aka sa min su."

Baki shi ke yanka wuya, an faɗa tun kafin a haife ni.

Basant ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta ɗauko kyamara ta gwada ɗaukar Abla a nan ƙarƙashin fitilata, ta nuna mana. Fuska rawaya kamar lemon tsami, idanu sun faɗa rami, zinaren kujera na ƙyalli a bayan kanta kamar gobara.

"Wannan ya fi na shagon farko muni," in ji Abla.

Basant ta koma kicin. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ga 'yar kujerar albasa a gefen taga, ba kowa a kai, haske ya kwanta mata luf. Ban taɓa lura ba cewa kicin ɗinmu na iya yin kyau haka. Muna tsaye hasken ya bar kujerar, ya hau bango, ya kai kan agogo, ya ɓace. Tukunya na ta zaɓaɓɓaka abinta.

"Shi ke nan, Baba," in ji ta. "Ba komai."

Ta duba firij, ta kau da kai. Wannan "ba komai" ɗin ya fi duk zagin da na taɓa sha a duniya zafi.

Na yi la'asar a ɗakin barci, na daɗe a zaune. Sannan na koma falo, domin ba a barin baƙo shi kaɗai ko da kai ne ka ɗaure shi. Na zauna can nesa da Abla, kaina a ƙasa, ina kallon darduma. Sai idona ya faɗa kan wani siririn zaren haske da ya fito daga ƙarƙashin kabad ɗin Afaf ya miƙe a kan dardumar. Na san zaren nan sarai. Kullum bayan la'asar yake zuwa, kuma shekara da shekaru ina jin haushinsa, domin ya koɗar min da darduma a layi ɗaya kamar an ja da alli.

Na miƙe zumbur.

"Basant! Akwai taga a falon nan!"

Ta leƙo. "Baba, don Allah, ya isa haka."

"Bayan kabad! Wadda kike gani daga titi, mai koren ƙyaure."

"Ba ta ado ba ce? Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ta a buɗe ba."

"Ni na rufe ta. Makon da muka tare na ga rana na shigowa tun daga la'asar har kusan magariba, tana faɗa wa kujeruna kai tsaye. Na ce wallahi ba za ta cinye min yadi ba. Na buga mata ƙusa, na jingina kabad."

Basant ta durƙusa ta sa tafin hannunta a cikin zaren hasken, ta juya shi sama da ƙasa. Ta ɗago ta dube ni. Sai dukanmu muka juya muka dubi Afaf.

"A'a," in ji Afaf. "Ku ma daina kallona. Ko ranar sunan yarinyar nan ba a buɗe kabad ɗin nan ba. Ko da surukata ta zo daga Hajji a kofin gilashi ta sha shayi."

Afaf ta dubi kabad, ta dubi 'yarta da ke durƙushe a ƙasa. Ta ja dogon tsaki, ta ciro ɗan makulli daga sarƙar wuyanta.

"Duk wanda ya fasa min ko da marfin buta ne, ni da kaina zan sake shi, ba sai ya rantse ba."

A nan ne Abla Faukiyya ta ajiye jakarta. Ta miƙe ta naɗe hannun riga.

"Ba a yin aiki a hargitse," in ji ta. "Maman Basant, ke za ki ciro. Ki miƙo min. Ni in miƙa wa Basant, ita ta jera. Usta, kai kada ka taɓa komai, je ka nemo kayan aikinka. Hannu biyu-biyu, kuma ban son surutu."

Kafin in dawo da guduma da filaya an yi layi kamar na taron safe a makaranta. Kofuna na tafiya hannu zuwa hannu, Afaf na kiran tarihin kowane ɗaya, Abla na cewa a yi sauri. Babu inda za a jera su sai kan kujeru. Cikin minti goma duk kujeruna bakwai masu ruwan zinare sun cika da tangaran, babu inda ko kyanwa za ta zauna.

Muka tura kabad ɗin mu uku, yana kuka muna nishi. A bayansa akwai ƙurar shekara ashirin da biyar, da cokali biyu, da wani ɗan jan takalmi ƙafa ɗaya wanda bai wuce tsawon yatsana ba.

"Ashe nan kika jefa shi!" in ji Afaf, tana hararar Basant. "Ni kuwa na yi wata guda ba na gaisawa da matar bene na biyu, na ce 'yarta ce ta ɗauke."

Sai ƙusoshi. Goma sha huɗu ne, masu inci uku, kuma wanda ya buga su saurayi ne mai ƙarfi da ya san aikinsa. Ban taɓa tsine wa kyawun aikina ba sai ranar. Zufa ta jiƙa rigar Salla sharkaf, Abla na tsaye a kaina tana ƙirgawa. Da ta goma sha huɗu ta fita na daki ƙyauren da kafaɗa. Ya buɗe da ƙara, busasshiyar sheƙar tsuntsu ta faɗa titi.

Alhaji Bayyumi, maƙwabcinmu na tsallaken titi, yana zaune a barandarsa. Ya miƙe tsaye.

"Usta Ragab! Lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Hoto ne, Alhaji!"

"Allah ya jiƙan Musulmi!" in ji shi, domin kunnensa ya ɗan yi nauyi.

Rana kuwa ta afko cikin falon gaba ɗaya, har muka runtse ido. Basant ta ce ta yi zafi da yawa, za ta ƙona rabin fuska ta bar rabi a duhu. Ta fizgo farin yadin da nake lulluɓe doguwar kujera da shi, na hau kan akwatin kayan aiki na kafa shi a jikin tagar da ƙusa biyu daga cikin waɗanda na ciro. Ta kashe fitilata mai ƙwai goma sha biyu.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Falon ya zama kamar an zuba masa madara. Na juya na ga kujeruna. Tun makon da muka tare ban sake ganin su a hasken rana ba. A ƙarƙashin fitila ƙyalli kawai suke yi. Yanzu kuwa kowane ganye ya fito da inuwarsa, har na ga wurin da hannuna ya ɗan kauce a gindin wani inabi, na tuna ranar, ranar da aka ce min iyayen Afaf sun amince.

"Baba, ba lokacin kallo ba ne. Kawo min kujerar albasa. Da babban tiren nan na kicin."

Haka Abla Faukiyya ta ƙare a kan kujerar albasa, a tsakiyar falon zinare, kofuna saba'in da biyu na kallonta. Ni kuma aka durƙusar da ni a gefenta da tiren da aka tanada don agwagwa, wai in tare haske in mayar mata a kumatun da ke cikin inuwa.

"Ƙasa kaɗan, Baba. Karkato shi wajenka. Ya yi yawa. Yauwa, nan. Kada ka motsa."

Abla ta gyara zama, ta ɗaure fuska tamau kamar za ta sanar da korar ɗaliba. Basant ta ɗauka, ta duba, hoton bai yi ba. Ta tambaye ta labarin jikarta. Abla ta amsa da kalma biyu. Ta tambaye ta shekarar da ta fara koyarwa. Ta faɗi shekarar, ta rufe baki. Hasken da ke jikin yadin kuma ya fara yin ja. Tiren nan ya yi min nauyi kamar ƙofar masallaci. Hannuwana suka kama ɓari, hasken ya shiga rawa a haɓar Abla.

"Usta, miƙe hannunka!" ta daka min tsawa ba tare da ta juyo ba. "Ƙato da kai, tire ya gagare ka?"

Daidai nan Afaf ta shigo, ta rungumo tukunya da tsumma, tururi na tashi, domin tiren da za ta zuba yana hannuna. Ta tsaya a gaban shugabar makaranta ta buɗe murfi.

"Abla, ga aurena nan na kawo miki a tukunya. Ya daɗe a wuta, ya yi tauri, amma ya dahu. In kin ga dama ki ci ki cece shi, in kin ga dama ki bar shi, ni duk ɗaya ne."

Abla ta leƙa tukunyar. Ta dube ni a durƙushe, rigar Salla duk ƙura, da sheƙar tsuntsu a gashina. Ta matse leɓe. Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyanta. Sai gefen bakinta ya karye, idanunta suka ƙanƙance suka kawo ruwa, kafin dariyar ta ƙwace mata gaba ɗaya na ji kyamara ta ce ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Ta ci agwagwar a zaune a kan kujerar albasa, faranti a cinya. Ta ci cinya guda, ta nemi ƙarin albasa. Da ta haɗiye lomar farko ta ce, "Maman Basant, ki yi haƙuri, kin koma." Afaf ta ce haka Allah ya rubuta mata.

Bayan ta wanke hannu ta sa tabarau, ta ce a kawo ta gani. Basant ta miƙa mata kyamarar. Ni ina tsaye a bayan kabad, ina karanta duk addu'ar da na haddace. Ta daɗe tana kallo. Ta daɗe ƙwarai, har na ji ana kiran magariba a masallacin nesa.

"Ba ki goge layukan nan ba," in ji ta.

"Ban goge ba, Abla."

"Kowane ɗaya da sunan yarinyar da ta sa min shi." Ta ɗora yatsa a tsakanin girarta. "Wannan naki ne. Shekarar da kika hau rufin makaranta wai za ki ga inda rana ke faɗuwa."

Ta mayar da kyamarar, ta cire tabarau, ta ɗauki jakarta.

"A wanke shi babba. Ranar Talata malamai tara za su zo ɗaukar hoto, bayansu kuma 'yan ajin ƙarshe, kashi-kashi. A nan falon, ba a kicin ba. Usta ya riƙe tire, amma a ɗaure masa baki."

Ranar Lahadi da safe na je shan ruwa na tarar jikin firij fayau. Basant na ɗakinta tana waya. Ban yi laɓe ba, igiyar takalmina ce ta kwance daidai ƙofarta. Na ji tana godiya, sannan ta ce, "Ba bana ba."

Ba bana ba. Na so a ce "har abada" ta ce, amma wanda ya kusa rasa ido ba ya ƙorafin gira.

Yanzu wata biyar ke nan. Kabad ya koma lungun da ke tsakanin ɗakin barci da banɗaki, kullum sai ya ɗauki rabonsa a gwiwata. Yadin doguwar kujera ya fara koɗewa ta ɓangaren taga, na gani, na kau da kai. Ƙarfe uku da rabi nake rufe shago in zo in riƙe tire. Dokar gidan ita ce ba a ba kowa ko ruwa sai an gama ɗauka, kuma idan baƙo ya shigo Afaf na miƙo min ƙusa ɗaya in riƙe a leɓe, kamar yadda nake yi a wurin aiki.

Sai dai hankalina bai kwanta duka ba. Da asuba nakan leƙa sama in ga ko akwai hadari. Ga kuma rufin Alhaji Bayyumi, daidai inda rana ke biyowa zuwa tagarmu, da rodi a tsaitsaye suna jiran ranar da za a ɗora wani bene. Makon jiya na ji an sa wa ɗansa Hazim rana. In ya ɗora masa bene a nan, falona ya koma duhu, kuma har yanzu lambar mutanen Alƙahira na cikin wayar Basant.

Na sayi mushabbak, alkakin garinmu mai zuma, kwali guda na tsallaka titi. Na yi masa murna, na ce masa yaran zamani ba su son zama a kan iyayensu, kuma na ji an ce iskar sabuwar unguwa ta fi kyau ga jarirai. Na yi alkawarin zan ƙera wa ango falo da hannuna, muddin a can za a kai shi. Ban tabbata ya ji rabin abin da na faɗa ba. Na miƙe zan tafi sai ya kama hannuna, ya rantse da aurensa ba zan fita ba sai na sha gahawa.

Kafin in zauna sai da na leƙa kicin ɗinsu na tabbatar an riga an ɗora ta a wuta.